DAVID UNAIPON: MARUBUCIN DA AKA RABA DA LITTAFINSA HAR SHEKARA 71

Duk wanda ya je ƙasar Ostireliya ya riƙe takardar kuɗinsu ta dala 50, zai ga hoton wani dattijo baƙar fata, sanye da kwat da laktaye. Sunan wannan dattijo David Unaipon, kuma tun shekarar 1995 hotonsa yake bisa wannan kuɗi. Amma a zamanin da yake da rai, sau da yawa masu gidajen saukar baƙi sun hana shi ɗakin kwana saboda launin fatarsa. An taɓa kama shi bisa tuhumar yawon banza. Babban littafin da ya rubuta kuwa a kan tarihi da al'adun mutanensa, wani Bature likita ne ya buga shi da sunan kansa. Shi ne mutum na farko cikin 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Aborijin, da aka buga littafinsa. Ga tarihinsa.

Ƙasar da mutanenta

Kafin mai karatu ya gane darajar aikin wannan mutum, wajibi ne ya san halin da ya tarar da mutanensa a ciki. Masana sun tabbatar da cewa Aborijin sun fi shekara 50,000 suna zaune a Ostireliya. Sa'ad da Turawa suka iso, akwai harsuna wajen 250 a ƙasar, kowace ƙabila da yankinta da dokokinta. A shekarar 1770 wani matuƙin jirgin ruwa na Ingila, Kyaftin James Cook, ya bi gaɓar gabashin ƙasar ya ce ta zama ta Sarkin Ingila. A watan Janairu na 1788 jiragen ruwa 11 suka iso ɗauke da fursunoni da sojoji a ƙarƙashin Gwamna Arthur Phillip, suka kafa zango a wurin da ya zama birnin Sidni.

Turawan ba su ƙulla yarjejeniya da kowa ba, ba su kuma sayi ko taƙi ɗaya ba. Shari'arsu ta ɗauka cewa ƙasa ce wadda ba ta da mai ita, wai don mutanen da ke cikinta ba su shinge gonaki ba, ba su gina birane ba. Daga nan sai makiyayan tumaki suka riƙa kutsawa cikin ƙasa suna kame wuraren ruwa da na farauta. Inda 'yan ƙasa suka yi turjiya aka sa musu bindiga. Cutar agana da waɗansu cututtuka da ba su saba da su ba suka kashe mutane masu ɗimbin yawa. Waɗanda suka saura aka tattara da yawansu a tashoshin 'yan mishan da keɓaɓɓun wurare na gwamnati.

A ƙarshen ƙarni na 19, ra'ayin da ya bazu tsakanin masanan Turawa shi ne cewa Aborijin su ne ƙarshen baya cikin 'yan Adam, ba su da tarihi, ba su da addini na kirki, kuma jinsinsu ƙarewa zai yi. Da aka haɗa yankunan ƙasar suka zama tarayya a 1901, tsarin mulki ya ce kada a sa su cikin lissafin jama'ar ƙasa. Wannan ra'ayi shi ne David Unaipon ya shafe rayuwarsa yana ƙaryatawa.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife shi ranar 28 ga watan Satumba, 1872, a tashar mishan ta Point McLeay, a bakin tafkin Alexandrina, kimanin kilomita 80 kudu maso gabas da birnin Adelaide, cikin yankin Ostireliya ta Kudu. 'Yan ƙasa suna kiran wurin Raukkan tun kaka da kakanni. Ƙabilarsa ita ce Ngarrindjeri, mutanen ruwa ne masu kamun kifi da saƙar kwanduna da tabarmi, suna zaune a inda kogin Murray yake gangarawa cikin tafkuna kafin ya faɗa teku. Suna da majalisar dattawa da ake kira tendi, wadda take yanke shari'a, da shugaba mai laƙabin rupulle.

Wani malamin mishan mai suna George Taplin shi ya kafa tashar a 1859 da kuɗin wata ƙungiyar Turawa ta Adelaide da ake kira Ƙungiyar Abokan Aborijin. Mahaifin David, watau James Ngunaitponi, yana cikin na farko da suka karɓi addinin Kirista a wannan yanki, har ya zama mai wa'azi. Turawa sun kasa furta sunansa, sai suka taƙaita shi ya koma Unaipon. Mahaifiyarsa Nymbulda 'yar gidan sarauta ce, domin ubanta shi ne rupulle. David shi ne na 4 cikin 'ya'yansu 9.

Akwai wani abu game da mahaifin da ya kamata a lura da shi. A 1874 Taplin ya buga littafi a kan harshe da al'adun Ngarrindjeri, wanda masana suka daɗe suna dogara da shi. Da yawa daga abin da ke cikin littafin daga bakin James Ngunaitponi ya fito, amma sunan Taplin ne a bango. Abin da ya sami uba shi ne ya zo ya sami ɗa, har ma fiye.

David ya shiga makarantar mishan yana ɗan shekara 7, malamai kuma suka ga yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Amma karatun da aka tanada wa 'ya'yan Aborijin bai wuce na share fage ba. A 1885, yana da shekara 13, aka kai shi Adelaide ya zama yaron gida a wajen wani Bature mai hali, C. B. Young. Wannan maigida ya lura da son karatun yaron, ya bar shi ya riƙa karanta littattafan gidan, ya kuma ƙarfafa masa gwiwa a kan ilmin kimiyya da falsafa da kiɗa. A nan ya sami Turancin da daga baya ya riƙa ba mutane mamaki, irin na tsofaffin marubutan Ingila kamar Milton da Bunyan.

A 1890 ya koma Point McLeay. Ya koyi ɗinkin takalma, ya zama mai kaɗa ogan a cocin mishan, wanda aka gina tun 1869. Aikin da ya dace da mai ilmi irinsa babu shi a tashar, a birni kuwa ba a ɗaukar baƙin mutum aikin ofis. Ya taɓa aikin sito a wajen wani mai yin takalma a Adelaide, sa'an nan ya dawo ya riƙe littafin lissafin kantin mishan. Ranar 4 ga watan Janairu, 1902, ya auri Katherine Carter, 'yar ƙabilar Tangani, suka sami ɗa namiji guda. Matar ta rasu a 1928.

Mai ƙirƙire-ƙirƙire

Tun kafin a san shi da rubutu, jaridun ƙasar sun san shi da ƙirƙira. A wancan zamani arzikin Ostireliya gashin tumaki ne, ana aske shi ana kaiwa masaƙun Ingila. A 1909 Unaipon ya nemi rajistar mallakar wani sabon kan injin askin tumaki. Dabarar da ya kawo ita ce ta mai da motsin aska daga lanƙwasa zuwa miƙaƙƙen layi, domin aski ya fi sauri da tsabta. Neman rajista mataki biyu ne, na wucin gadi da na dindindin, kuma na biyun yana bukatar kuɗi mai yawa. Shi kuwa ba shi da su. Rajistar ta faɗi, bai sami ko sisin kwabo daga dabararsa ba. Tsakanin 1909 da 1944 ya nemi rajistar waɗansu injuna dabam, dukansu suka faɗi saboda wannan dalili.

A 1914 ya yi bayani cewa za a iya ƙera jirgin sama wanda zai tashi tsaye ba tare da gudu a ƙasa ba, idan aka yi masa fukafukai masu juyawa bisa siffar bumeran. Bumeran wata lanƙwasasshiyar sanda ce ta Aborijin, wadda wani irinta in an jefa yakan kewaya cikin iska ya dawo wurin mai jifa. Sai a shekarun 1930 aka sami jirgi mai saukar ungulu da ya tashi sosai a Turai. Abin da Unaipon yake so a gane shi ne, mutanen da suka sassaƙa bumeran sun san sirrin iska tun da daɗewa.

Akwai kuma burin da bai cika ba. Har tsufansa yana ƙoƙarin ƙera injin da zai riƙa juyawa da kansa har abada, ba mai, ba wuta. Ilmin kimiyya ya nuna haka ba zai yiwu ba, domin kowane inji yana asarar ƙarfi ta wajen gugar ƙarfe da ƙarfe da kuma iska. Ya ɓatar da shekaru masu yawa a kan wannan, bai kuwa daddara ba.

Shekara 50 a kan hanya

A 1911 majalisar Ostireliya ta Kudu ta kafa doka wadda ta ba wani jami'in gwamnati, mai laƙabin Babban Mai Kare Aborijin, ikon tsare mutum a keɓaɓɓen wuri, da ikon zama waliyyin 'ya'yansu ko da iyayensu suna da rai. A 1912 Unaipon ya jagoranci wakilai suka nemi gwamnati ta karɓi tashar Point McLeay daga hannun ƙungiyar mishan, domin tashar ta talauce, matasa ba su da aikin yi. A 1913 ya ba da shaida gaban hukumar binciken da gwamnati ta naɗa a kan al'amuran Aborijin. Gwamnati ta karɓi tashar a 1916.

A wannan shekara ta 1913 ya kama aikin tara gudummawa ga Ƙungiyar Abokan Aborijin. Wannan aiki ne ya ba shi damar fita daga tashar, abin da yawancin 'yan uwansa ba su samu ba. Wajen shekara 50 yana zagaya garuruwan kudu maso gabashin ƙasar. Ya yi wa'azi a coci-coci na ɗariƙu dabam-dabam, ya yi lacca a makarantu da tarurrukan masana a kan al'adun mutanensa da halin da suke ciki. Turawa sukan cika ɗaki don su ji baƙin mutum mai Turancin da ya fi nasu. Amma bayan an gama tafi, sau da yawa in ya je neman masauki sai a ce babu wuri.

A 1926 ya goyi bayan masu neman a keɓe wani yanki a tsakiya da arewacin ƙasar ya zama jiha ta Aborijin, inda za su riƙe al'amuransu da kansu. A watan Nuwamba na wannan shekara 'yan sanda suka kama shi bisa tuhumar yawon banza, yana da shekara 54, mai wa'azi sananne. A 1928 da 1929 ya taimaka wa binciken da J. W. Bleakley ya gudanar wa gwamnatin tarayya a kan zaman Aborijin a arewa da tsakiyar ƙasar. A 1934 kuma ya yi kira ga gwamnatin tarayya ta karɓe al'amuran Aborijin daga hannun jihohi, domin kowace jiha da irin tata dokar.

Yadda ya sake karanta tarihin mutanensa

Tun farkon shekarun 1920 ya duƙufa wajen tattara labarai daga bakin dattawan Ngarrindjeri da na waɗansu ƙabilu da ya haɗu da su a tafiye-tafiyensa. A watan Agusta na 1924 jaridar Daily Telegraph ta Sidni ta fara buga rubutunsa a kan al'adu da ɗabi'un Aborijin. Kafin wannan lokaci Turawa da dama sun rubuta irin waɗannan labarai, amma sun ɗauke su tamkar tatsuniyoyin yara, ko kuwa shaidar ƙarancin hankali. Unaipon ya karanta labaran mutanen Girka na dā, ya kuma yi nazarin tarihin Masar a gidan adana kayan tarihi na Adelaide. Da wannan sani ya fito ya ce labaran mutanensa suna sahu ɗaya da waɗancan, kuma a cikinsu ne tarihin al'umma da shari'arta da tarbiyyarta suke.

Misali babba shi ne labarin Ngurunderi, wanda shi ya rubuta sunansa Narroondarie. Ngarrindjeri suna cewa Ngurunderi ya biyo wani ƙaton kifi mai suna Pondi cikin kwalekwalensa, kifin yana kaɗa wutsiya yana faɗaɗa rafi har ya zama kogin Murray da dukan lanƙwashe-lanƙwashensa. Da aka kashe kifin a tafki, sai aka yayyanka shi aka watsa cikin ruwa, kowane yanki ya zama wani irin kifi. Daga baya matansa biyu suka karya doka suka gudu, suka nufi tsibirin Kangaroo da ƙafa, domin a lokacin akwai tudu tsakaninsa da babbar ƙasa. Sai ya kira ruwa ya taso ya cinye su, suka zama ƙananan tsibirai da ake gani a mashigin har yau. Masana ilmin ƙasa sun gano cewa lalle wannan tsibiri a haɗe yake da babbar ƙasa, sai kimanin shekara 10,000 da suka wuce teku ya cika ya raba su. Saboda haka waɗansu masana na yanzu suna ganin labarin yana ɗauke da tunawa da abin da ya faru da gaske.

Unaipon ya kwatanta Ngurunderi da Annabi Musa, watau jagora wanda ya kawo wa mutanensa doka ya raba musu wuraren zama. Ya ce tun kafin 'yan mishan su zo, Aborijin sun san akwai Ruhu Mai Girma wanda ya halicci kome. Ya bayyana dokokin aure, waɗanda suka hana mutum auren dangi na kusa, da yadda majalisar dattawa take hukunci. Ya kuma bayyana horon da ake yi wa matasa kafin a ɗauke su manya, mataki uku. Da fari a koya wa yaro danne kwaɗayi: ya yi tafiya ko farauta da yunwa, sa'an nan a ajiye masa nama ya ɗauki kaɗan kawai. Na biyu ya jure zafin ciwo ba tare da raki ba. Na uku ya danne tsoro: a ba shi labaran fatalwa da dare, a bar shi ya kwana shi kaɗai a wurin da ake jin tsoro. Manufarsa a fili take. Mutanen da suke da irin wannan tsari suna da makaranta da kotu da addini, ko da ba su gina su da dutse ba.

Ya kuma yi magana a kan zuwan Turawa. A ganinsa, lalacewar da ake gani a tsakanin Aborijin na bakin garuruwa ba halinsu na asali ba ne. Ta samo tushe ne daga raba su da ƙasarsu da rushe dokokinsu ba tare da an ba su wani abin kirki a madadi ba. Don haka ya ce duk mai son sanin mutanensa kada ya auna su da waɗanda aka riga aka karya.

Kura da shan bugu

Tsakanin 1924 da 1925 ya haɗa labaransa wuri ɗaya ya miƙa wa kamfanin buga littattafai na Angus & Robertson da ke Sidni. A gabatarwar ya nuna alfaharinsa cewa shi ne na farko cikin jinsinsa da zai ajiye al'adu da imanin mutanensa a rubuce, ya kuma yi fatan ba shi ne na ƙarshe ba. Kamfanin ya biya shi ladan rubutu, amma bai buga littafin ba. Maimakon haka sai ya sayar da rubutun ga Dokta William Ramsay Smith.

Shi wannan Ramsay Smith mutumin Sikotlan ne, babban jami'in lafiya a Adelaide, kuma mai binciken musabbabin mutuwa na birnin. Ya yi suna a matsayin masanin Aborijin. Yana cikin waɗanda suka riƙa kwasar ƙasusuwan matattun Aborijin, har da na Ngarrindjeri, suna aikawa Jami'ar Edinburgh don nazari. Sai daga 1991 jami'ar ta fara mayar da su gida. A 1930 ya buga littafi a Landan mai suna Myths and Legends of the Australian Aboriginals. Kusan dukan labaran Unaipon suna ciki, an yi musu 'yan gyare-gyare an haɗa da waɗansu, amma ba a ambaci sunansa ko sau ɗaya ba. An cire wuraren da marubucin yake magana a matsayin ɗan ƙabila, aka mai da maganar ta zama ta baƙo mai kallo daga waje. Littafin ya yi kasuwa, aka riƙa sake buga shi shekara da shekaru. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Unaipon bai zauna ya naɗe hannu ba. Ya riƙa buga 'yan ƙananan littattafai yana sayarwa da hannunsa a wuraren da yake wa'azi. Ya fitar da ɗaya a 1927, wani a 1928, sa'an nan a 1929 ya fitar da Native Legends, watau labaran 'yan ƙasa. Wannan ɗan littafi mai shafuka kaɗan shi ake lissafawa littafi na farko da ɗan Aborijin ya wallafa. Sai bayan shekara 35, a 1964, aka buga littafin waƙoƙi na farko na wata mace Aborijin, Kath Walker, wadda daga baya ta koma sunan Oodgeroo Noonuccal.

Saɓani da 'yan uwansa

Ba dukan 'yan uwansa ne suka yarda da hanyarsa ba. Ranar 26 ga watan Janairu, 1938, Turawan Ostireliya suka yi bikin cika shekara 150 da saukar jiragen farko. Shugabannin Aborijin irin su William Cooper da Jack Patten da William Ferguson suka taru a Sidni suka ce wannan rana ta makoki ce gare su, suka nemi cikakken 'yancin ɗan ƙasa. Unaipon bai goyi bayansu ba. A ganinsa wannan zai fusata Turawan da ake neman taimakonsu, gara a bi sannu, ta hanyar ilmi da lallashi. Masu zafin ra'ayi suka ɗauke shi ɗan gidan mishan wanda ya cika sassauci.

Har yanzu masu nazarin rubutunsa ra'ayinsu ya rabu. Waɗansu suna cewa ya sa wa labaran kakanninsa rigar Kiristanci da Turancin coci har kamanninsu suka sauya. Waɗansu kuwa suna cewa da gangan ya yi, domin a zamaninsa Bature ba zai saurari baƙin mutum ba sai ya yi masa magana da harshen da yake girmamawa. Kowanne aka ɗauka, mutum ne da ya rayu a ƙarƙashin dokar da za ta iya tsare shi a tasha kowace rana, kuma abincinsa yana hannun ƙungiyar da yake tara wa kuɗi. A cikin wannan ƙunci ya faɗi abin da ya faɗa.

Tsufa da rasuwa

A 1953 aka ba shi lambar tunawa da naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu. A shekarun nan ya rubuta taƙaitaccen tarihin rayuwarsa. Ya ci gaba da wa'azi har ya kai shekara 87, sa'an nan ya koma Point McLeay ya zauna, yana ta fama da zane-zanen injinsa. Allah ya yi masa rasuwa a asibitin garin Tailem Bend ranar 7 ga watan Fabrairu, 1967, yana da shekara 94, ba shi da dukiya. Aka binne shi a maƙabartar tashar da aka haife shi.

Bai cika wata huɗu a ƙasa ba, ranar 27 ga watan Mayu, 1967, aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan gyaran tsarin mulki. Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu zaɓe suka yarda a riƙa lissafa Aborijin cikin jama'ar ƙasa, kuma a ba gwamnatin tarayya ikon yin doka a kan al'amuransu. Na biyun shi ne abin da ya nema tun 1934. A 1968 wani masani Bature, W. E. H. Stanner, ya yi laccoci a gidan rediyon ƙasar inda ya zargi marubutan tarihin Ostireliya da yin shiru da gangan a kan Aborijin. Daga nan aka shiga sake rubuta tarihin ƙasar. A 1974 aka miƙa tashar Point McLeay ga Ngarrindjeri, a 1982 kuma aka mayar mata da sunanta na asali, Raukkan. A 1992, cikin shari'ar da Eddie Mabo da 'yan uwansa suka ɗaukaka, Babbar Kotun Ostireliya ta rushe da'awar nan ta cewa ƙasar ba ta da mai ita sa'ad da Turawa suka zo. A 2008 Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a gaban majalisa saboda 'ya'yan Aborijin da aka raba da iyayensu.

Littafi ya koma hannun mai shi

Ramsay Smith ya mutu tun 1937. Amma ainihin rubutun Unaipon bai ɓata ba, yana ajiye a ɗakin karatu na Mitchell da ke Sidni. Waɗansu malaman jami'a biyu, Stephen Muecke da Adam Shoemaker, suka ɗauko shi suka gwada da littafin likitan, suka kuma bi wasiƙun kamfanin da ya yi cinikin. A 2001 aka buga littafin a Melbourne da sunan da marubucin ya ba shi tun farko, Legendary Tales of the Australian Aborigines, da sunan David Unaipon a bango. Shekara 71 ke nan bayan fitowar na likitan, shekara 34 bayan rasuwar mai shi. Kome nisan jifa, ƙasa zai faɗo.

Tun kafin wannan, a ƙarshen shekarun 1980, kamfanin buga littattafai na Jami'ar Queensland ya kafa gasa da sunansa domin marubuta 'yan asalin ƙasa waɗanda ba a taɓa buga littafinsu ba. Wanda ya ci, a ba shi kyauta a kuma buga littafinsa da sunansa. Cikin waɗanda suka ci akwai Doris Pilkington Garimara a 1990, wadda daga baya ta rubuta labarin yadda mahaifiyarta da 'yan uwanta biyu suka tsere daga wata tashar gwamnati a 1931, suka kama hanyar gida da ƙafa. Takardar dala 50 ta 1995 tana ɗauke da hoton cocin Raukkan, da zanen injin askin tumaki, da wani yanki na rubutun hannunsa. Da aka sabunta takardar a 2018 an bar hotonsa a kai.

Fatan da ya yi a gabatarwar littafinsa, cewa kada ya zama na ƙarshe, ya cika. Marubuta Aborijin sun yi yawa, suna rubuta tarihin ƙabilunsu da kansu, waɗansunsu har sun ci manyan kyaututtukan adabi na ƙasar. Mutanen Ngarrindjeri kuma suna nan a Raukkan da garuruwan bakin kogin Murray, suna koya wa 'ya'yansu harshen da aka ce zai mutu tare da su.